Wata goma sha takwas da injin CNC a saman benenmu a Jidda

Sai da ƙarti huɗu suka taya ni kafin muka haura da akwatin injin nan ɗakin da ke saman benenmu. CNC ne ƙirar Sin, irin wanda ake kira 6090, wato faɗin teburinsa santimita 60, tsawonsa 90. Kai dai ka yi zane a kwamfuta ka tura masa, shi kuma ya bi katako da bakin ƙarfe yana sassaƙawa. Da kuɗin injin, da jirgin ruwa, da kwastan, da harajin VAT na kashi 15, kusan riyal 14,000 suka tafi. Da Baba ya ji adadin, cewa ya yi, "Kai yaro, kuɗin aurenka ka miƙa wa kafintan ƙarfe?"

Injin kansa ba ni da ƙorafi a kansa. Yana yanka MDF (katakon da ake matsawa daga garin itace) da akrilik (roba mai kama da gilashi) tsaf, layinsa ba ya kaucewa. Wuta ma ba ta dame ni ba: a farashin gida na halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane kilowat na awa ɗaya, aikin awa biyar bai fi riyal biyu zuwa uku ba. Na'urar sanyaya ɗakin ta fi shi ci. Ruwa ne ke sanyaya motarsa, a zafin Jidda kuwa ruwan bokitin kan yi ɗumi kafin azahar, dole na koyi jefa ƙanƙara a ciki. Wanda ya sayar mini ya yi alkawarin taimako dare da rana, amma sai ka tura tambaya a WhatsApp ka kwana uku kana jira. Bakin sassaƙa bakwai na karya a watan farko ina lalube ni kaɗai.

Abin da masu bidiyon YouTube ba sa nuna maka shi ne ƙura da ƙara. Ƙurar MDF kamar garin tuwo take, ta bi matakala har kicin ɗin Umma, sai da na sayi injin zuƙe ƙura aka samu zaman lafiya. Ƙarar kuwa, maƙwabci ya yi mini magana sau biyu cikin mutunci, ban jira ta uku ba. Yanzu ba na kunna shi lokacin ƙailula, ba na kunna shi bayan isha'i. To ka ga injin da zai iya yini yana aiki ya koma na 'yan awanni.

Batun riba, nan ne na sha wuya. Da farko farantan shayi da 'yan akwatunan turare na riƙa yi. Na zagaya kasuwar Balad, na tarar da irinsu daga Sin a farashin da ko kuɗin katakona bai kai ba. Wata huɗu kayan suna jibge. Wata gwaggona ce ta buɗe mini ido, ta ce in yi wa jikanta allon saukar Alƙur'ani da sunansa a jiki. Na sassaƙa shi da siffar allonmu na gida, har da mariƙinsa, na yi masa zayyana a gefe. Daga walimar nan kaɗai na samu oda shida. Abin da ke ɗauke da sunan mutum ba ya cikin kwantenar kowa, a nan kuɗin yake: sunayen ango da amarya, allon ƙofa, jinjirin wata da fitilun Ramadan waɗanda odarsu ke shigowa tun Sha'aban, sai kayan ranar ƙasa ta 23 ga Satumba. Tsakanin waɗannan lokuta kasuwa kan yi tsit, har injin ya yi mako a lulluɓe.

Kuskurena na biyu lissafi ne. Injin zai gama allo a minti 40, ni kuma in kwashe awa biyu ina gyaran zane, ina gogewa da sanfefa, ina fenti. Rubutun Larabci ma yana da nasa hali, siraran haruffa kan ɓalle a MDF, sai an ƙara musu kauri a zanen. Da ba na saka wannan lokacin a farashi. Da na fara sakawa wasu suka gudu, waɗanda suka tsaya su ne suka mayar mini da uwar kuɗina a wata na goma sha biyar.

'Yan'uwa masu iƙama, wato takardar zaman baƙi a Saudiyya, da ke tambayata ko su saya, ku yi hattara. Ni ina da takardar ɗan ƙasa, shi ya sa rajista ta zo mini da sauƙi. Yin kasuwanci da sunan wani, abin da ake kira tasattur, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Wanda ke da sha'awar sana'ar, gara ya nemi aiki a warsha, wato shagon sana'a, mai lasisi, ya koyi zanen da injin wani.

Ni dai albashina ne har yanzu ke riƙe da gida, injin yana biyan kuɗin mota ne da cefanen azumi. Baba ya daina zancen kuɗin aure tun da na yi masa allon ƙofa da sunan kakanmu, sai dai kullum yana cewa na rubuta shi ƙanana.