Synology, QNAP, Unraid ko TrueNAS: wanne zai tsare maka sirri?

Mai ɗakin ɗaukar hoto, ko ƙaramin asibiti, ko ofishin lauya, duk wanda fayilolinsa suka yi yawa yakan kai ga sayen NAS, wato akwatin da ake cusa wa faifan ajiya a jona shi da rauta, kowa a ofis ya riƙa ajiya a ciki. Yawancin masu saye girman faifai da farashi suke tambaya. Ni kuwa shawarata a fara da manhajar da ke tafiyar da akwatin: har yaushe kamfanin zai ci gaba da toshe mata ɓaraka, kuma za ta buɗe maka fayilolinka ran da kwamfutocin kamfanin suka tsaya?

Tambayar nan ta biyu tana da tushe. A ƙarshen Maris 2023 aka yi wa Western Digital, kamfanin faifan ajiya, kutse, ya rufe hidimar My Cloud ta akwatunansa sama da mako guda. Mutane da yawa suna kallon akwatinsu a kan tebur, wuta na ci, amma ba su iya shiga ba, domin sai an tantance su ta kwamfutocin kamfanin. Kafin nan, a Yunin 2021, masu My Book Live, wani akwatin na wannan kamfani, sun wayi gari an share musu komai daga nesa. Rabon na'urar da sabuntawa tun 2015.

Synology da QNAP, dukansu na Taiwan, akwati da manhaja suke sayarwa a haɗe, lasisin na cikin kuɗin. Sauƙinsu ba a magana: cikin awa guda ka gama haɗawa. Sai dai sauƙin shiga daga waje shi ne ƙofar da ɓarayi suka fi bi. QNAP ta sha wannan sosai. A Afrilun 2021 shirin kutse mai suna Qlocker ya ƙulle fayilolin jama'a, a Janairun 2022 kuma wani irinsa, DeadBolt, ya zo yana neman kuɗin fansa, 0.03 na bitkoyin kan kowane akwati. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu akwatin da ke buɗe ga intanet kai tsaye, sau da yawa rauta ce ta buɗe ƙofar da kanta ta hanyar UPnP, mai shi bai ma sani ba. Synology ma ta ɗanɗana nata da SynoLocker a 2014. Duk da haka, a ganina manhajarta DSM ce ta fi dacewa da wanda ba shi da ma'aikacin kwamfuta, musamman saboda tana iya ɗaukar kwafin fayiloli wanda ba ya goguwa sai wa'adinsa ya cika.

Unraid daban take. Kai za ka kawo kwamfutarka, ka sayi lasisi daga Lime Technology, kuma an saba ɗaure lasisin da lambar filashin da ake tayar da na'urar da shi. Tun 2024 ƙananan lasisinta biyu shekara ɗaya kawai suke ba da sabuntawa, daga nan sai ka biya ƙari, ko kuma tun farko ka sayi na dindindin. Idan ba ka biya ba akwatin zai ci gaba da aiki, amma yana tsufa, kuma tsohuwar manhaja ita mai kutse ke nema. Saka wannan kuɗin cikin lissafi tun yau, da dala ake biya. Kada kuma ka yarda wani mai gyara ya sa maka fasasshen lasisi don arha: ka miƙa makullin ɗakinka ne ga wanda ba ka taɓa gani ba.

TrueNAS ta iXsystems kyauta ce, kuma rubutun manhajar a buɗe yake, duk mai ilimi na iya bincikawa. Tsarinta na ajiya, ZFS, yana gano fayil da ya lalace, yana kuma ɓoye bayanai da makulli. Tana son kwamfuta mai ƙarfi da mutum mai haƙurin koyo. In akwai irinsa a ofis, ita zan zaɓa wa bayanan marasa lafiya ko takardun shari'a, tunda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin a wuyan mai riƙe da su.

Tsohon akwati na hannu kuwa, bincika lambar samfurinsa tukuna. A 2024 an gano ɓoyayyar ƙofa a wasu tsofaffin NAS na D-Link, kamfanin ya ce ba zai gyara ba, wa'adinsu ya wuce.

Ko wanne ka ɗauka, ranar farko ka kashe UPnP a rauta, ka rufe asusun admin na asali, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, shiga daga waje kuma ta VPN kawai, wato keɓaɓɓiyar hanya mai makulli. Ware kuɗin UPS saboda ɗauke wuta, da wani faifai na daban da za a riƙa kwafe komai a kai ana cire shi daga jikin akwatin.