Abin Wuyan Feromon da Ƙaurar Karena daga Jos zuwa Abuja

A watan Maris aka yi mini canjin wurin aiki daga Jos zuwa Abuja, kuma cikin duk abin da za mu kwasa daga gidanmu na Bukuru babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Tauraro, karen da ya shekara huɗu yana yi mana gadi. Ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida ce, ubansa kuwa irin manyan karnukan nan ne na 'yan sanda. A cikin gidan da ya sani ba ya shakkar kowa, amma da zarar an raba shi da inda ya saba sai ya koma abin tausayi. Duk shekara idan za a kai shi allurar rigakafin ciwon hauka, tun kafin mu fita daga layinmu yake fara dalalar da miyau, jikinsa na ɓari, ya lafe a ƙarƙashin kujera har sai an jawo shi da ƙyar. Wannan fa tafiyar minti ashirin ce kawai. Ga shi kuma za mu yi ta awa huɗu zuwa biyar, mu gangara Hawan Kibo, mu bi ta Akwanga da Keffi, sannan mu sauke shi a gidan da bai taɓa shinshinawa ba.

Na je wurin likitar dabbobin da ke duba shi da niyyar ta ba ni maganin barci, sai ta kawo mini shawarar feromon. Ta ce, "Malam, wannan ba zai sa shi barci ba, kuma ba zai canza masa hali ba. Abin da nake fata shi ne ya rage masa fargaba har ya iya cin abinci, ya kuma saurare ka idan ka kira shi." Wannan magana tata ita ce ma'aunin da na riƙe har yau.

Feromon sinadari ne da jikin dabba ke fitarwa domin ya isar da saƙo ga 'yan uwanta. Wanda ake magana a kai a nan, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da DAP, kwaikwayo ne na wanda karya mai shayarwa ke fitarwa daga fatar da ke tsakanin nonuwanta kwanaki kaɗan bayan haihuwa, wanda ake ganin shi ke sa 'yan kwikwiyo su natsu a jikinta. Wani likitan dabbobi ɗan Faransa, Patrick Pageat, shi ne ya yi fice wajen gano shi. Kare yana ɗaukarsa ta wata gaɓa ta musamman da ke tsakanin hanci da saman baki. Mutum ba ya jin ƙamshinsa, kuma ba ya aiki a kan kyanwa, ita tana da nata daban. Iri uku ake sayarwa: abin wuya, da na feshi, da kuma wanda ake jonawa a soket kamar maganin sauro na lantarki. Duka ukun sun shiga hannuna.

Abin wuyan na ɗaura masa kwana uku kafin tafiya. Ɗumin jikin karen ne ke sa shi fitar da sinadarin, don haka dole ya kwanta a kan fata, a bar sararin yatsa biyu kawai, a yanke ragowar. Ranar tafiya kuma na ɗauko na feshin na fesa shi sau takwas a kan tsohon bargonsa da cikin kejin, na jira minti 15 kamar yadda takardar ta umarta, domin ruwan yana da wani wari mai kaifi wanda sai ya bi iska tukuna. Ba a fesa shi a jikin kare.

Da muka tashi ya yi ɗan kuka, ya juya sau biyu ko uku a cikin kejin, amma kafin mu kai Hawan Kibo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafafunsa na gaba. Miyau ya zuba, sai dai bai jiƙa bargon sharkaf ba kamar yadda ya saba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne a Akwanga, inda muka tsaya na zuba masa ruwa a murfin kwano, ya ɗago ya sha. Wannan kare bai taɓa karɓar ko ɗigon ruwa a cikin mota ba. Amma ba haka aka ƙare ba. Cunkoson Mararaba da Nyanya ya riƙe mu cikin zafin rana, ga ƙarar hon ta ko'ina, sai haki da kai-komo suka dawo. A lokacin an kusa cika awa biyar da yin feshin, wanda shi ne iyakar ƙarfinsa, kuma karen da ya tashi a sanyin Filato dole zafin Abuja na watan Maris ya gigita shi ko da babu tsoro. Da na sani, da na fito da shi a Keffi na sake fesawa.

A sabon gidanmu na Kubwa, daren farko da na biyu bai bar kowa ya runtsa ba. Yana bin katanga wutsiya a tsakanin ƙafafu, yana tonon ƙasa a gindin ƙofa, abinci kuwa ko kallonsa bai yi ba. Da safe maƙwabcina, wani dattijo mai kirki, ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya kuwa karen nan naka? Ko yunwa yake ji?" Na ba shi haƙuri, na ce baƙunta ce. A rana ta uku ya ci rabin kwanonsa, a dare na biyar ya kwana shiru, kafin mako biyu kuma ya fara tsayawa a bakin ƙofa yana haushi irin na mai gida, wanda duk mai kare ya san bambancinsa da kukan tsoro.

A nan ne ya kamata in yi adalci. Ba abin wuyan kaɗai ke aiki a waɗannan kwanaki ba. Mun zo masa da bargonsa da kwanonsa na Jos ba tare da an wanke bargon ba, muna ba shi abinci a daidai lokacin da ya saba, safe da yamma ina zagayawa da shi cikin gidan a hankali yana shinshina kowane lungu, ɗana kuma yakan zauna kusa da kejin bayan magariba yana yi masa magana. Ban dake shi ba ko sau ɗaya a kan kukan dare, domin duka ba ya cire tsoro, ƙara shi yake yi. Su ma masana ba su gama haɗa baki a kan ƙarfin feromon ba. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga a 2010 ya tattara gwaje-gwajen da aka yi, ya nuna cewa hujjojin yawancinsu ba su yi ƙarfi ba. Iyakar abin da idona ya shaida shi ne, karen da a da yakan wuni bai dawo hayyacinsa ba saboda tafiyar minti ashirin ya sha ruwa a tsakiyar tafiyar awa biyar, kuma ya karɓi sabon gida cikin mako guda.

Na soket ɗin kuwa ban amfana da shi ba, kuma rashin lura ne daga wajena. An yi shi ne domin ɗaki rufaffe mai faɗin murabba'in mita 50 zuwa 70, a bar shi a jone dare da rana har kwalbar ta ƙare cikin kwana 30. Wannan tsari ya dace da gidajen da kare ke kwana a falo. Mu namu a tsakar gida yake kwana, iska na kwashe duk abin da na'urar ta fitar, kuma duk sa'ad da aka ɗauke wuta aikinta ya tsaya. Wanda karensa na gadi ne kamar nawa, ya riƙe kuɗinsa ya sayi abin wuya.

Kuɗin ma abin dubawa ne, domin daga waje ake shigo da kayan, farashinsu na bin canji, ga shi abin wuya ɗaya mako huɗu kawai yake yi. Sai a duba ranar ƙarewar aiki, a tabbatar ledarsa a liƙe take, a kuma cire shi duk ranar da za a yi wa kare wanka da sabulu ko maganin kaska. Idan kuma ƙin cin abinci ya wuce kwana biyu, ko ya zo da amai ko kasala, likita za a nufa, kada a ɗora wa baƙunta abin da wataƙila ciwo ne.

Abin wuya guda biyu na yi amfani da su a jere. Da na biyun ya cika mako huɗu na cire shi ban sayi wani ba, na zuba ido kwana goma, ban ga tsoron ya dawo ba. Ragowar na feshin yana nan a ajiye, domin wata mai zuwa ne lokacin allurarsa, kuma tun yanzu na fara sa shi a mota da yamma muna zagaya layi sau ɗaya mu dawo, bargon nan na Jos yana ƙarƙashinsa.