Sharhi: wata biyu ina koyon lissafin Python da manhajar Thonny

Layi ɗaya tak ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A makona na biyu da fara koyon Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni wato kod, na ci karo da aikin fitar da matsakaicin maki uku: 60, 75 da 90. Na zuba su cikin a da b da c, sannan na rubuta

matsakaici = a + b + c / 3

sai kwamfuta ta ba ni 165.0. Da ka ma na san amsar 75 ce. Na duba layin ya fi sau goma, ban ga inda ya karkace ba. A lokacin ina gwaji ne a wani shafin intanet da ke karɓar kod ya ce maka ka ci ko ka faɗi, ba tare da ya nuna maka hanyar da aka bi aka kai can ba. Wani abokin karatuna ne ya ce in sauke Thonny in bi layin a hankali. Yau wata biyu ke nan kusan kullum sai na buɗe ta, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa wa 'yan'uwa masu shirin farawa.

Thonny manhaja ce ta rubuta kod ɗin Python da gudanar da shi, an gina ta musamman don sabon shiga. Daga Jami'ar Tartu ta ƙasar Istoniya ta fito, Aivar Annamaa ne ya ƙirƙire ta. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tana zuwa da Python ɗinta a ciki, saboda haka saukewa ɗaya ya wadatar. Da zarar ta zauna a kwamfuta ba ta neman intanet. Fuskarta ba tarkace: sama wurin rubutu, ƙasa wurin da amsa ke fitowa, wanda kuma za ka iya buga 3 + 4 kai tsaye ya ce maka 7.

To, ga abin da ya faru da layin nan nawa. Maimakon maɓallin F5 da ke gudanar da kod gaba ɗaya, sai na danna Ctrl da F5, wanda ke sa manhajar ta tsaya tana jiranka. Duk lokacin da ka danna F7 sai ta yi taku ɗaya. Da na iso layin matsakaici, wani ɗan akwati ya buɗe a kansa ɗauke da lissafin. Na danna, a ya koma 60. Na sake, b ya koma 75. Na sake, su biyun suka narke suka zama 135. A nan na zaci za a ƙara c. Ina! Sai c ya koma 90, aka raba shi kaɗai da 3 ya zama 30.0, sannan aka haɗa da 135. Da idona na ga inda 165.0 ta fito. Rabawa ta fi tarawa ƙarfi, ta janye c gefenta, sauran biyun ko kusa da 3 ba su je ba. Na sa baka, (a + b + c) / 3, amsa ta fito 75.0.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce, ita ce BODMAS da aka sa mu haddacewa tun muna yara. Amma haddacewa daban, gani daban. Har ma na fahimci wani abu da ban taɓa lura da shi a takarda ba: cewa rabawa tana gaba da tarawa ba yana nufin ita ake fara yi a kan lokaci ba. Python ta fara tara 60 da 75 ne, don daga hagu take tafiya. Abin da fifikon ke yankewa shi ne wace lamba ce ke hannun wace alama. Wannan ɗan bambancin ya warware min rikici da yawa daga baya, kuma ban ga yadda zan gane shi ba in da amsar ƙarshe kawai ake nuna min.

Abu na biyu da ya riƙe ni shi ne tagar da ke jera bariyabul, wato sunayen da kake ajiye ƙima a ƙarƙashinsu. Ni mazubi nake ce musu, ko da yake wasu malamai sun fi son a ɗauke su kamar laƙabin da aka manna wa ƙima, kuma a Python hakan ya fi kusa da gaskiya. Ana kunna tagar daga View, a zaɓi Variables. Ina ganin kamata ya yi kowane mai koyo ya kunna ta tun ranar farko, ya bar ta a buɗe. Dalili kuwa shi ne layi irin wannan:

x = x + 1

Wanda ya taso da lissafin makaranta zai ce wannan ƙarya ce, babu lambar da ta yi daidai da kanta a ƙara ɗaya. Sai da na bi shi da F7 na ga cewa alamar = a nan umarni ce, ba shaida ba. In a ce 5 ke cikin x, ana fara ƙarasa duk abin da ke dama, x ya koma 5, 5 + 1 ya koma 6, sannan a tagar gefe ka ga x ya sauya daga 5 zuwa 6. Haka na gane dalilin da ya sa in ka rubuta jimla = a + b, daga baya ka canja a, jimla ba ta motsi. An riga an yi lissafin an ajiye sakamako, babu igiyar da ta rage tsakaninsu. Wanda ya saba da Excel, inda canja ɗaki ɗaya ke canja sauran, lallai ya kula da wannan.

Tagar nan ce kuma ta fitar da ni daga tarkon input, umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga. Na nemi mai amfani ya shigar da lamba, na buga 5, na ninka da 3, sai ga 555. A tagar, 5 ɗin tana tsakanin alamun zance, ma'ana rubutu ce ba lamba ba, kuma Python in ka ninka rubutu sai ta maimaita shi. Duk abin da input ya karɓo rubutu ne har sai ka wuce da shi ta int ko float, masu mayar da rubutu lamba. Yanzu kafin in yi lissafi da kowane mazubi sai na waiga na duba ko yana sanye da alamun zance.

Aikin da ya fi min daɗi shi ne mayar da daƙiƙa 3725 zuwa awa da minti. A nan na saba da rabawa iri biyu. Tun Python 3, wadda ta fito a 2008, alamar / kullum amsa mai ɗigo take bayarwa, 7 / 2 ya zama 3.5, har 6 / 2 ma 3.0 ne. Alamar // tana ba da cikakkiyar lamba, % kuma ragowa. Don haka 3725 // 3600 ya ba ni awa 1, 3725 % 3600 ya bar 125, daga ciki na fitar da minti 2 da daƙiƙa 5. Layi huɗu ne kacal, amma na bi su taku-taku har sau uku don kawai in ga lambobin suna sauyawa. Daga nan na shiga gwaje-gwajen kaina a wurin amsa na ƙasa. -7 // 2 ya ba da -4, ba -3 ba, domin // ƙasa take gangarawa ba wajen sifili ba. Da alamar **, wadda ke ninka lamba da kanta, -2 ** 2 ya ba da -4, domin ana fara ɗaga 2 sannan a sa alamar ragi. 2 ** 3 ** 2 kuwa 512 ne, ba 64 ba, don wannan alama daga dama take haɗa nata.

Akwai ɗan abin da ya faranta min rai wanda na Python ne ba na Thonny kaɗai ba: haruffanmu masu ƙugiya suna shiga sunan mazubi lafiya lau. Na rubuta ƙima da faɗi da tsawo, duk sun yi aiki. Lokacin da nake fama da sabon tunani, kiran abubuwa da sunan da zuciyata ta sani ya rage min nauyi. Sai dai suna ba ya farawa da lamba, ba ya ɗaukar sarari, kuma Faɗi da faɗi mazubai biyu ne mabambanta.

Amma fa kada wani ya sauke ta yana tsammanin malami. Thonny ba ta da darussa ko jerin ayyukan gwaji, wurin aiki ce. Dole ka samo tambayoyinka daga littafi ko kwas, ko ka ƙirƙiro da kanka. Kuma nuna abu take yi, ba koyaushe take faɗin dalili ba. Ranar da na buga 0.1 + 0.2 na ga 0.30000000000000004, F7 bai ƙara min komai ba, lamba biyu ne suka haɗu suka ba da wannan. Sai da na je na karanta na gano cewa kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lambobi masu ɗigo, kuma 0.1 ba ta ƙarewa a wannan tsarin, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu. Ba laifin Python ba ne, yawancin harsunan kod haka suke, don ƙa'ida ɗaya ta ajiye lambobi masu ɗigo, mai suna IEEE 754, suke bi. Haka round(2.5), umarnin kai lamba ga cikakkiyar da ta fi kusa, da ya ba ni 2: sai a bayanin Python na tarar cewa in lamba ta tsaya a tsakiya daidai, ana kai ta ga lambar da ke rabuwa biyu.

Saƙonnin kuskure kuma da Turanci suke fitowa, don daga Python suke. NameError, TypeError, ZeroDivisionError, waɗannan ukun su na fi haɗuwa da su. Na buɗe shafi a littafina na rubuta ma'anar kowanne da Hausa: na farko ka kira sunan da ba ka ajiye komai a ciki ba, na biyu ka haɗa abin da ba ya haɗuwa kamar rubutu da lamba, na uku ka raba da sifili. Akwai wata taga mai suna Assistant da ke ƙoƙarin ba da shawara idan kod ya faɗi, kuma wurin rubutun yana haska wurin da ka buɗe baka ko alamar zance ba ka rufe ba, wanda ya cece ni sau da dama. Wani abin lura shi ne manhajar kwamfuta ce, wanda waya kaɗai gare shi sai ya nemi wata hanyar.

Ɗabi'a ɗaya na ɗauka wadda nake ba kowa shawara ya gwada. Kafin in danna F7, sai in rubuta a takarda abin da nake zaton zai fito a akwatin. In zatona ya yi daidai in wuce, in ya saɓa in tsaya a nan har sai na san dalili. Ba tare da wannan ba, mutum zai iya danna F7 sau ɗari yana kallo kawai. Jiya da ita na yi aikin mayar da ma'aunin zafi daga Farenhait zuwa Salshiyos. Na rubuta f - 32 * 5 / 9, inda * ke nufin ninkawa, kuma tun kafin in danna komai, a takarda, na ga 32 za ta tafi da 5 ta bar f shi kaɗai. Na gyara zuwa (f - 32) * 5 / 9, na sa 212, ta ba ni 100.0.