Furen Phalaenopsis na kanti: fure mai kyau a tukunyar da ba ta dace da ƙasarmu ba

Phalaenopsis, wanda masu sayarwa ke kira "orchidée" kawai, shi ne furen da kantunan kayan kyauta kan kawo daga Duwala ko Yawunde, nannaɗe a leda, da kara ɗaya ko biyu ɗaure a jikin ɗan tsinke. Wajen kyau ba shi da makusa, kuma in an saye shi lafiyayye furen kan kai wata biyu zuwa uku bai zuba ba. Aibin yana cikin tukunyar da abin da aka cusa a cikinta.

Asalinsa dazuzzukan Filifin da Indunisiya ne, inda yake maƙale a jikin reshe, saiwarsa a waje tana shan iska. Ba shukar ƙasa ba ce. Na kanti kuwa a gidajen raino na Holan ko Taiwan aka fi tashinsa, a matse shi cikin kofin roba mai faɗin santimita 12 da gansakuka, sannan a zura kofin cikin tukunyar ado marar huda. A can zafi da laima duk a kan ma'auni suke. A nan, saman gansakukar kan bushe ƙamas, tsakiyarta tana jiƙe. Mai gida ya taɓa sama ya ji bushewa, ya ƙara ruwa, ruwan ya kwanta a gindin tukunyar ado, saiwa ta ruɓe. Ganye ya fara yaushi, sai a ɗauka ƙishi ne, a sake ƙara ruwa.

Don haka kada ka biya sai ka zaro kofin ka duba. Saiwa mai rai kauri gare ta da tauri, kore in ta jiƙe, ruwan azurfa in ta bushe. Mai launin ƙasa da ke lotsewa in an matsa ta riga ta mutu. Leƙa tsakiyar ganyen sama ma. In da baƙi ko wari, bar musu abinsu. Shuɗin furen nan da ke ɗaukar ido kuwa rini ne aka yi wa karan allura, in ya sake fure fari zai fito.

Garin da kake shi ke yanke hukunci. Shukar tana son zafi maki 21 zuwa 29 a ma'aunin Celsius da rana, da laimar iska kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Ngaundere, mai tsayin kusan mita 1,100, ta yi mata daidai. Garwa da Marwa da Njamena, inda Maris da Afrilu ke haura maki 40, sai mai ɗaki mai sanyi. In babu, a ajiye ta a ƙasa kusa da randa, a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa bugunta kai tsaye, tana kakkaɓe furen da bai buɗe ba. Haske tana so, amma ta bayan labule. Ranar tsaka takan ƙone ganye cikin 'yan sa'o'i.

Da zarar furen ya zube, a fitar da ita daga gansakukar. A yanke matacciyar saiwa da reza sabuwa. A haɗa ɓawon kwakwa kashi biyu, gawayi kashi ɗaya, tsingaro kashi ɗaya, duk a farfasa su santimita 1 zuwa 2. Ɓawon kwakwa yana da gishiri, sai an jiƙa shi kwana uku ana sauya ruwa kullum. Tukunya ta zama ƙarama mai huda da yawa. Ƙasar lambu da takin dabbobi kada su kusance ta.

Ban ruwa ba na kalanda ba ne. In saiwa ta koma ruwan azurfa, a tsoma tukunyar cikin ruwa minti 10 zuwa 15 da safe, a ɗaga ta tsane sarai. Da hunturu hakan kan zo duk kwana uku ko huɗu, da damina yakan wuce mako. Ruwan sama ya fi. Na burtsatse in yana barin farin tabo a buta, zai ƙone bakin saiwa. Ruwan da ya faɗa tsakiyar ganye a tsane shi da tsumma nan take, domin daga nan ruɓa ke kamawa, kuma da wuya ta warke. Taki kuwa na zamani mai narkewa a ruwa, mai lamba 20-20-20, a ba ta rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwali, duk mako biyu. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga a goge shi da sifirit ɗin wanke rauni, ƙurar hunturu kuma da jiƙaƙƙen tsumma.

Sake fure fa? Shukar ba ta fitar da sabon kara muddin zafi yana sama da maki 28; sai ta samu makonni a ƙasa da 26. Disamba da Janairu ne kaɗai damar mutanen Garwa da Marwa, kuma lokacin ne ya fi dacewa a saya. Mai zama a Ngaundere ya saya ba fargaba, zai yi shekaru da ita. Mai zama can arewa da ba shi da ɗaki mai sanyi ya lissafa kuɗinsa a kan furen wata uku, bazara ba lallai ta bar masa ita ba.