Jirgin fiton da ba a biyan ko sisi

Jama'a barkanmu da war haka. Wata huɗu ke nan da na koma unguwar Woolwich a kudu maso gabashin Landan, wurin aikina kuma yana ƙetaren Kogin Thames. Ranar farko da zan haye na isa tashar jirgin fito da katin banki a hannu, ina dube-duben inda ake dangwalawa, don a garin nan bas ma ba ya karɓar tsabar kuɗi. Na duba dama na duba hagu, babu na'ura, babu mai yankan tikiti. Wani ma'aikaci sanye da riga mai ɗaukar ido ya lura da ni, ya ce in wuce kawai, kyauta ne. Na zaci ban ji daidai ba, na sake tambaya. Ya nuna mini layin motoci, har da manyan motocin kaya, ya ce su ma ba sa biya.

Wallahi har muka kai tsallake ban daina mamaki ba. Wannan gari ne da hayar ɗaki ɗaya ke cinye rabin albashinka, garin da ramukan mota na ƙarƙashin kogin nan, Blackwall da Silvertown, tun 2025 sai ka biya kafin ka bi. Amma jirgin nan tun 1889 yake fito da mutane ba a karɓar komai. Dalilin ma ya burge ni. A da gadojin yammacin Landan na kuɗi ne, sai hukuma ta saye su da kuɗin jama'a ta soke biyan. Mutanen gabas, galibinsu leburori da ma'aikatan masana'antu, suka ce ai da harajinmu aka yi wannan, mu kuma ba mu da gada. Aka yi doka a 1885, bayan shekara huɗu jirgi ya fara aiki. Har yau in ka bar gadar Tower Bridge da ke tsakiyar gari ka nufi gabas, ba ka sake ganin gada sai garin Dartford, can wajen Landan. Tashoshin da muke amfani da su yanzu a 1966 aka buɗe su.

Ba wai babu takaici ba. Iskar bakin kogin da asuba tana ratsa ƙashi, in hazo ya sauko kuma a dakatar da jirgi, sai ka gangara ramin masu ƙafa da aka buɗe a 1912, ka taka kusan rabin kilomita a ƙarƙashin ruwa kana duba agogo. Abin da ya fi damuna shi ne shirun wurin. Mutum hamsin a tsaye, kowa ya kifa kai a waya, babu sallama, babu mai shayi, babu ko yaro mai tallan gyaɗa. Nakan tuna hayaniyar bakin ruwa ranar kasuwa, da yadda kafin a haye ka riga ka san garin kowa da sunan kakansa, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jirage biyu ne, sababbi, an ƙera su a Poland sun fara aiki a 2019, kowanne an ƙayyade masa mutum 150. A jikin ɗaya an rubuta Ben Woollacott. Na ɗauka wani minista ne ko basarake. Ashe matashi ne ɗan shekara 19, ma'aikacin jirgin, ɗan gidan masu aikin ruwa kaka da kakanni, wanda igiyar ɗaure jirgi ta fizge shi ta jefa kogi a 2011 ya rasu. An yi bincike, sannan aka sa wa jirgi sukutum sunansa. Sababbin jiragen ma an yi musu tsarin da maganaɗisu ke riƙe su a jikin tasha maimakon igiya.

Rai ɗaya fa, 'yan uwa. Mu kuwa fa? A 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai da ɗaliban Islamiyya, yara ƙanana, aka rasa fiye da ashirin. A 2023 a Pategi ta jihar Kwara mutum fiye da ɗari suka tafi a dare ɗaya suna dawowa daga biki. Wa zai iya kawo sunan biyar daga cikinsu? Mun yi Inna lillahi, mun ce kwana ya ƙare, mun koma lodi kamar jiya. Kada mu jibga wa gwamnati komai. Mu ne ke roƙon mai jirgi don Allah ya ƙara mutum ɗaya, da buhunsa da babur ɗinsa. Mu ne ke cewa rigar ruwa ƙazanta ce, wani ya sa, ba za mu sa ba. Mu ne ke matsa masa ya tashi bayan magariba don kada mu kwana a hanya, kuma kuɗin fito muke biya a kan hakan.

Makon jiya na iso an riga an rufe shinge, jirgi yana gabana, fili a ciki kamar filin idi. Bakina har ya buɗe zan roƙa, sai idona ya faɗa kan sunan yaron nan. Na ja da baya na jira na gaba, na isa aiki a makare da minti goma sha biyar.