Sharhi: Na kalli wasan Winnipeg Jets, kujerun da babu kowa sun tsaya mini a rai

Duk wanda ke zaune a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada yake tantamar ko kallon hokin ƙanƙara ya cancanci kuɗinsa, ni dai na ce ya cancanta, kuma kada ya auna wasan da abin da yake gani a talabijin. A allo ɗan faifan robar da suke bugawa ɓace wa mutum yake yi, sai ka ga mutane na ta guje-guje ba ka san abin da suke bi ba. A cikin zauren Canada Life Centre kuwa ido na kama shi sarai, musamman daga kujerun sama, inda kake ganin filin gaba ɗaya da yadda 'yan wasa ke jera kansu kafin su kai hari.

Farkon zuwana a lokacin sanyin kakar 2023 zuwa 2024 ne, a wani daren tsakiyar mako. Ta waya na sayi tikiti, ta waya kuma na nuna shi a ƙofa, ban daɗe a layi ba. Zauren yana tsakiyar gari a kan titin Portage, motocin bas na bi ta gabansa, akwai kuma rufaffun gadojin ƙafa da suka haɗa shi da gine-ginen da ke kusa. Wanda ya san iskar Winnipeg ta watan Janairu ya san darajar wannan.

Wasan kashi uku ne, kowanne minti 20, da hutu mai ɗan tsawo a tsakani, don haka ka ware wajen awa biyu da rabi. Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne canjin 'yan wasa: ba a jira a busa, wasu na fita wasu na tsallako katanga suna shiga, kuma da wuya ɗan wasa ya cika minti ɗaya bai koma benci ba saboda tsananin gudu. Ga ƙarar takalma na yankar ƙanƙara, ga ta mutum biyu idan suka gwabza a jikin gilashi. Na ƙura wa golan Jets, Connor Hellebuyck, ido a raga, na fahimci abin da ya sa aka ba shi kyautar gwarzon gola a 2020, aka kuma sake ba shi a 2024 da 2025. Ba ya yawan tsalle-tsalle, kafin faifan ya iso ya riga ya tsaya inda zai bi.

To amma a wannan daren, layin da ke gabana kusan rabinsa babu kowa, haka ma kusurwoyin sama na ɗaya gefen. Lokacin taken ƙasa, da aka zo kalmomin da 'yan kallo suka saba ɗaga murya a kansu, an ɗaga, sai dai ka ji da sauran wuri a cikin muryar. Zauren nan bai kai ya ci mutum 15,500 ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, shi ya sa duk giɓi ke fitowa fili. A watan Oktoba na 2023, a wasansu da Los Angeles Kings, mutum 11,226 aka sanar. Kuma adadin da ake sanarwa a gasar na tikitin da aka fitar ne, ba na waɗanda suka zauna a kujera ba, don haka mutanen da ido ke gani a kujeru kan gaza haka.

Wani dattijo da ke gefena, sanye da tsohuwar rigar ƙungiyar, shi ya sa na gane cewa maganar ta wuce ta kuɗin shiga. Garin nan ya taɓa rasa ƙungiyarsa. A 1996 aka kwashe Jets ta farko aka kai Phoenix a Amurka, mutane suka yi shekara 15 babu NHL. Da kamfanin True North ya sayo ƙungiyar Atlanta Thrashers ya kawo ta nan a 2011 ta zama sabuwar Jets, an nemi a sayar da tikitin kaka (na duk wasannin gida na shekara) 13,000, ragowar da aka buɗe wa jama'a suka ƙare cikin 'yan mintoci, aka shiga layin jira. Shekaru aka yi zauren na cika a kowane wasa. Bayan annobar korona da tsadar rayuwa, masu tikitin kaka suka ragu zuwa wajen 9,500. A Fabrairun 2024 shugaban kamfanin, Mark Chipman, ya fito ya ce idan aka ci gaba a haka abin ba zai ɗore ba, shugaban gasar Gary Bettman ya zo garin da kansa don kwantar da hankalin jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ga wannan a fuskar dattijon duk lokacin da ya ɗaga kai ya dubi sama.

Abin da nake so a lura shi ne ƙungiyar ba ta lalace ba. A kakar da ta biyo baya ita ta fi kowa maki a gasar, 116. Matsalar ta aljihu ce. A manyan birane kamfanoni ne ke riƙe da kaso mai yawa na tikitin kaka, a Winnipeg kuwa yawancinsu a hannun ɗaiɗaikun mutane suke, ma'aikata da masu iyali. Wasa sama da 40 a gida cikin kaka ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai biyan hayar gida da cefane. Amma da an shiga wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, sai kowa ya sa farare, zaure ya cika, titunan da ke gefensa ma su cika da masu kallo a manyan alluna. Ƙaunar tana nan, daren Talatar watan Nuwamba ne ba ta iya biya.

Ni dai abin ya dame ni, domin garin da muke ci muke sha a cikinsa ne, 'ya'yanmu kuma a makaranta zancen Jets suke ji. 'Yan Najeriya na da yawa a Winnipeg, amma a layukan da ke kusa da ni ban ga fuskokinmu ba sai ɗai-ɗai. Ƙungiyar kan ware darare don al'ummomi irin su 'yan Filifin da 'yan kudancin Asiya, kuma na yaba da hakan. Da za ta ƙara kusantar ƙungiyoyin baƙi da masallatai da coci-coci da tikitin rukuni mai rangwame, da wanda zai zauna ya bayyana wa sabon zuwa dokokin wasan, ina ganin wasu kujerun za su sami masu su. Mu ma da namu: ba sai mun jira an aiko mana da goron gayyata ba.

Ga wanda zai je, ya duba wasan tsakiyar mako da ƙungiyar da ba ta da magoya baya da yawa a garin. Tikitin da masu tikitin kaka ke sake sayarwa kan sauko idan ranar ta matso, haka na samu nawa. Ranar da Toronto ko Montreal za su zo kuwa farashi hawa yake yi. Ana sayar da giya ana kuma shan ta a kan kujeru, mai zuwa da iyali ya san da haka, ko da yake waɗanda na zauna a cikinsu mutanen kirki ne. Na ci abincina a gida kuma na yi sallar isha'i kafin in fito, da yake a lokacin sanyi tana shiga da wuri. Ƙahon da ake busawa idan an ci ƙwallo yana da ƙarfi ƙwarai, ƙaramin yaro na buƙatar abin toshe kunne. Ciki akwai ɗan sanyi, rigar sanyi matsakaiciya ta isa. Idan kuɗin Jets ya yi maka yawa, ƙungiyar Manitoba Moose ta gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, a wannan zauren take wasa, tikitinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da ita nake ba masu yara shawarar su fara.