Fitilar sola mai gane motsi: ta cancanci kuɗinta a lungunan Jos?

Lungun da ba haske nan 'yan shaye-shaye da masu ƙwacen waya ke yada zango, shi ya sa wasu unguwanni suke karo-karo su sayi wannan fitila. Tana aiki, amma ba kamar yadda kwalinta ke cika baki ba.

Kada adadin wat, wato ƙarfin wuta, da aka rubuta ya ruɗe ka, yawanci ƙari ne. Duba batirin. Na LiFePO4, wani nau'in batirin lithium, ya fi jure caji da zafi. Wadda faifan solarta ke haɗe da kanta ta fi sauƙin kafawa, sai dai faifan ƙarami ne. A watan Agusta, idan hadari ya rufe Jos kwana biyu, kafin asuba ta mutu. Mai faifai daban ta fi, a karkata shi kaɗan ya fuskanci kudu. Da hunturu kuwa ƙura ke cinye cajin, sai ana goge faifan da tsumma mai laima duk mako.

A kafa ta a tsayin mita 4 zuwa 5. Ƙasa da haka dutsen yaro zai same ta, sama da haka na'urar gane motsin tana iya kasa jin mai wucewa. Akuya ma tana kunna ta, wannan kam sai haƙuri.

Idan matashi ya fasa ta, gara a zauna gaban mai unguwa da iyayensa, ya biya gyara, ya riƙa goge faifan, maimakon a garzaya da shi ofishin 'yan sanda.